A ba matan Faransa masu zane nasu filin

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a.

Na ji shirinku kan manyan masu zane na ƙasar Faransa, ya yi daɗi wlh, amma duk maza kuka jero su Monet su Renoir ko mace ɗaya babu, shi ne na ce bari in sa baki.

Akwai Elisabeth Vigée Le Brun, an haife ta a Paris a 1755, babanta ma mai zane ne ya rasu tana 'yar shekara 12, tun tana budurwa take zana fuskokin masu kuɗi ana biyanta har ta zama mai zana sarauniya Marie Antoinette. A 1783 ta shiga ƙungiyar masu zane ta masarauta, lokacin kujera 4 kacal aka ware wa mata, ita ma sai da fada ta sa baki. Mijinta kuwa ɗan caca ne, tana nema yana ɓarnatarwa. Da juyin juya hali ya ɓarke a 1789 ta ɗauki 'yarta ta gudu, Italiya, Austriya, Rasha, duk inda ta sauka da burushinta take ci da kanta, sai 1802 ta koma gida.

Amma ni Rosa Bonheur ce ta fi burge ni gaskiya. Ita dabbobi ne nata, dawakai da shanu, kuma ba ta yarda ta zana daga ka ba, kasuwar dawaki take zuwa har mahauta tana kallon yadda tsoka take a cinyar doki, yadda yake sa ƙafa in ya zabura, to ina za a shiga irin wannan caɓi da doguwar riga mai jan ƙasa? Sai da ta je wurin 'yan sanda suka ba ta takardar izinin sa wando, kuma duk wata 6 sai an sabunta, ka ji fa! Zanenta na kasuwar dawaki faɗinsa ya kai mita 5, yana gidan tarihi na Metropolitan a New York yanzu haka. A 1865 sarauniya Eugénie da kanta ta kai mata lambar girmamawa har inda take aiki.

Berthe Morisot kuma tare da Monet ɗin nan naku suka baje kolin zanensu a 1874, amma da ta rasu a 1895 sai aka rubuta a takardar mutuwarta wai ba ta da sana'a. Haba jama'a. Babbar makarantar zane ta Paris ma ba ta fara ɗaukar mata ba sai 1897.

Don Allah ku ware musu shiri guda, in son samu ne ku fara da Rosa, don masu son dawaki a nan wajenmu ba kaɗan ba ne.

Mai sauraronku a kullum, daga Maraɗi.