Sharar da ta ƙi ƙarewa

Assalamu alaikum aminina,

Ya iyali, ya sanyin can? Ka yi haƙuri da shirun da ka ji, aiki ne ya sha kaina makon jiya. Na san kai kaɗai zan ba wannan labarin ba ka yi hamma ba.

Ka tuna rumbun bayananmu na PostgreSQL a wurin aiki? Ranar Litinin na tarar da autovacuum, mai sharar nan da ke kwashe matattun layuka (waɗanda aka goge ko aka sabunta), ya kwana biyu a kan teburin ciniki bai sauka ba. Haushi ya ɗebe ni na kashe shi. Ban gama kurɓar shayina ba ya dawo. Da na duba da kyau sai ga "to prevent wraparound" a gefensa, wato sharar dole ce don kada lambobin ma'amala (transaction) su ƙare su koma farko. Ashe teburin ya haura ma'amala miliyan 200 ba a daskarar da tsofaffin layukansa ba, wato ba a yi musu alamar da za ta kare su daga wannan matsala ba. Irin wannan shara ba ta kauce wa kowa, in ka kore ta ma wahalar da aka sha ka ƙara.

Sai na leƙa pg_stat_progress_vacuum, mai nuna inda sharar ta kai, abin da ya kamata in fara yi tun farko. Sau 14 ya zagaye fihirisan (index) teburin, su tara! Dalili kuwa, maintenance_work_mem, ma'adanar da mai sharar ke aiki da ita, na nan a 64MB yadda ya zo, wanda matattun layuka kusan miliyan 11 kawai yake ɗauka. Da ya cika sai a tsaya, a bi fihirisa ɗaya bayan ɗaya, a dawo. Kamar mai kwasar yashi da cokali. Na ɗaga autovacuum_work_mem, irin wannan saitin amma na autovacuum kaɗai, zuwa 1GB, don sigarmu ta 13 ba ta amfani da fiye da haka, sai a ta 17 aka cire wannan iyakar. Na rage ɗan hutun nan na 2ms da autovacuum ke yi a tsakiyar aiki, na sake kashe shi don ya tashi da sabon saiti. Kafin la'asar ya gama.

Amma fa wasu layukan sun ƙi kwasuwa. A pg_stat_activity, mai nuna abin da kowa ke yi a rumbun, na kama ɓarawon: wani abokin aikinmu ya buɗe ma'amala ranar Juma'a, ya tafi masallaci bai rufe ba, ita kuwa buɗaɗɗiyar ma'amala tana hana a kwashe layukan da suka mutu bayan buɗe ta. Har yau muna tsokanarsa.

Ku a can, nawa kuke sa idle_in_transaction_session_timeout, lokacin da za a jira kafin a katse ma'amalar da aka bari a buɗe? Ina tunanin minti goma.

Ka gaida madam da yara.

Naka har kullum.