Wasiƙa zuwa ga aminina a Fatakwal game da motar da yake son saye

Bauchi,
Jihar Bauchi.

Zuwa ga aminina Alhaji,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da uwargida da yara, kuma aiki yana tafiya yadda ake so. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah, kuma mutanen gida duk sun ce a gaishe ka.

Na ga hotunan motar da ka turo mini, wato Infiniti FX35 ƙirar 2011, na kuma fahimci cewa so kake ka saye ta can Fatakwal ka taho da ita Bauchi idan ka ajiye aiki, ta zama ita ce motar gida. Tambayarka ita ce ko daina ƙera ta da kamfanin ya yi zai zame maka matsala nan gaba. Na zaɓi in rubuto maka a tsanake maimakon mu yi maganar ta waya, domin kuɗin da za ka zuba a cikinta guminka ne na shekaru, kuma ba na son in ba ka amsar da zan zo ina jin kunyarka a kanta.

Infiniti reshe ne na kamfanin Nissan wanda aka buɗe a Amurka a 1989 domin motocin alfarma, kamar yadda Lexus take a wajen Toyota. An fara fitar da FX a ƙirar 2003, aka sake mata zubi a ƙirar 2009, kuma taka tana cikin wannan zubi na biyu. Daga ƙirar 2014 aka sauya mata suna zuwa QX70, sannan a kasuwar Amurka, inda yawancin tokumbonmu suke fitowa, ƙirar 2017 ce ta ƙarshe, lokacin da kamfanin ya karkata ga QX60 mai layin kujeru uku da sabuwar QX50. A Japan aka ƙera ta, a kan tushe ɗaya da Nissan 350Z da Infiniti G35, waɗanda motocin gudu ne. Ka riƙe wannan, saboda daga nan ne kyawunta da wahalarta duka suka samo asali: siffar jif gare ta, amma an gina ta ne domin gudu a kan kwalta mai santsi.

Game da tambayarka, amsata kashi biyu ce. Ta fuskar inji, daina ƙera motar bai kamata ya tsorata ka ba. Injin da ke cikinta mai filogi shida ne, lita 3.5, ƙarfin doki 303, daga dangin injunan Nissan da ake kira VQ, waɗanda aka ƙera da yawan gaske kuma aka san su da juriya. Sarƙa yake amfani da ita wajen taimin, ba bel ba, don haka babu wani bel na taimin da za a riƙa jiran ranar tsinkewarsa. Kayan yau da kullum irin su filogi, kwayil, filta da takalmin birki ana samunsu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, idan abin ya yi tsauri kuma a aika Ladipo a Legas. Sai dai kada dillali ya ruɗe ka da cewa injin Murano ne ko na Pathfinder, wai ko'ina za a samu a ɗora. 'Yan gida ɗaya ne, amma na ƙirar 2011 shi ne VQ35HR, kuma ba a musayarsa kai tsaye da VQ35DE na waɗancan motocin. Wanda zai shiga sai an ciro daga 'yan uwanta na kusa, irin su EX35 ko G35 ta 2007 da 2008, kuma su ba su cika yawa a wannan yankin namu ba.

Inda daina ƙerawar yake cizo shi ne kayan bodi da na lantarki: fitilun gaba, bamba, madubin gefe, gilashin baya mai lanƙwasa, burenbos, allon dashbod da kyamarorin da ke kewaye da motar. Waɗannan nata ne ita kaɗai, kuma tun da ba a fitar da sababbin motocin, abin da ke zuwa kasuwarmu yawanci na motocin da aka yanka ne, kullum kuma raguwa yake yi yana ƙara tsada. Akwai wani maƙwabcinmu mai irinta, wanda mai Keke Napep ya goge wa gefen gaba a wajen kasuwar Wunti. Karon bai taka kara ya karya ba, fitila ɗaya ce da kusurwar bamba, amma na sha wucewa ta garejin ina ganin motar a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ƙura ta rufe gilashinta har yara suna rubutu da yatsa a kai, ana jiran fitilar hagu daga Legas. Da ta iso sai aka tarar ta zubin farko ce, ba ta shiga, aka sake mayar da ita. Da Highlander ce, da a ranar za a gama aikin.

Akwai wani lahani da nake so ka mayar da hankali a kansa fiye da komai, saboda ba a ganinsa da ido kuma ba a jinsa a ɗan zagayen gwaji. A cikin injunan HR na shekarun farko, akwai wasu ƙananan gaskit guda biyu a bayan sarƙar taimin waɗanda suke rufe hanyar da baƙin mai yake bi, kuma da wani abu mai kama da takarda aka yi su. Idan suka tsufa sukan yage, man ya riƙa zubewa a cikin injin ba waje ba, don haka ba za ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, alhali ƙarfin turin man yana raguwa. Sau da yawa kafin fitilar mai ta kama a dashbod ɓarna ta riga ta fara. Gaskit ɗin kansa ba shi da tsada, amma sai an kwance gaban injin gaba ɗaya kafin a kai gare shi, kuma aiki ne na bakaniken da ya san taimin ɗin wannan injin, ba na mai koyo ba. Hanyar ganewa ita ce a ɗaura geji a auna ƙarfin man bayan inji ya yi zafi sosai. Ƙa'idar kamfanin ita ce kada ya gaza 14 psi (ma'aunin ƙarfin turi da gejin yake nunawa) idan inji yana silo, kuma kada ya gaza 43 psi idan yana juyi 2,000 a minti ɗaya. Idan mai motar ya ƙi yarda a yi wannan awon, ina roƙonka ka haƙura da ita komai kyawunta.

Giyarta kuwa mai hawa bakwai ce ta gargajiya, ba irin giyar Murano marar hawa-hawa da ake kira CVT, wadda mutane suke kuka da ita ba, kuma wannan abin yabo ne. Amma ba ta da sandar duba mai, kuma man da aka tanadar mata shi ne Matic S na Nissan. Ka tambayi abin da aka taɓa zuba mata, domin masu zuba kowane jan mai sun kashe giya da yawa a ƙasar nan. Ka je wajen motar da sassafe kafin a tayar da ita, ka taɓa bonet ka tabbatar da sanyi yake, ka saurari injin a daƙiƙun farko ko sarƙa tana ƙara, sannan ka tuƙa ta a cikin cunkoso ka ji yadda take sauya giya a ƙananan hawa, ko tana fizga.

Sai maganar man fetur, wadda ga mai shirin komawa kan fansho ita ce babba. Ƙiyasin hukuma a Amurka ga wannan motar shi ne kimanin kilomita 7 a lita ɗaya cikin gari, da kusan kilomita 10 a babbar hanya, kuma wannan lissafin sabuwar mota ne, ba mai shekaru fiye da goma da ake kunna wa esi tun safe a zafin Maris da Afrilu ba. Tankinta lita 90 ne. Zuwa Gombe da dawowa ta Alkaleri ya haura kilomita 300, wato sama da lita 30 ke nan idan komai ya tafi daidai. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba, wannan ba abin damuwa ba ne sosai, amma kai ma shaida ne cewa a 2024 lita ta haura naira 1,000. Ƙari a kan haka, kamfanin ya so a riƙa zuba mata fetur mai daraja ta sama, mu kuwa iri ɗaya ne a gidajen manmu. Za ta yi tafiya da shi, amma dole filogi da na'urorin sanyaya inji su kasance garau, musamman lagireto da fankokinsa.

Na lura a hoton cewa wilinta manya ne, da alama masu inci 20 ne. Suna ƙara mata kwarjini, amma tayar siririya ce a gefe, kuma rami ɗaya a kan gudu yana iya kumbura ta ko ya lanƙwasa wilin. Lambar 265/50R20 ba kowane shagon taya ne yake ajiye ta a Bauchi ba, balle a Ningi ko Darazo idan ta fashe maka a hanya. Idan kuma mai jan ƙafa huɗu ce, wajibi ne tayoyin huɗu su zama iri ɗaya kuma cinsu ya yi kusa da juna, in ba haka ba na'urar raba ƙarfi ce za ta wahala. Shakazobanta ma masu tauri ne, don haka a hanyar birji ta zuwa ƙauye da damina, Hajiya da ke zaune a baya za ta ji kowane gargada a jikinta. Bayan motar kuma a zube yake, but ɗin bai kai yadda girman motar yake nunawa ba, kuma kujeru biyar ne kacal. Kai mai iyali ne, kuma na san ba ka dawowa daga gona hannu rabbana.

Tarihin wannan motar ta musamman ya fi sunan ƙirarta muhimmanci. Ka ɗauki lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ka tabbatar wadda ke gindin gilashin gaba ta yi daidai da ta jikin ƙofa da ta takardun kwastam, sannan a bincika ta a Carfax, wato shafin intanet da ke ajiye tarihin motocin Amurka, a ga ko ta taɓa yin babban haɗari, ko an sayar da ita a gwanjon motocin da inshora ta sallama, da kuma mil nawa ta yi kafin ta bar Amurka, domin mayar da mita baya abu ne mai sauƙi. Motocin da ambaliya ta cinye, irin ta guguwar Harvey a Texas a 2017, da yawa an wanke su an fitar da su ƙasashen waje, kuma Fatakwal ɗin kanta ba baƙuwar ambaliya ba ce. Ka ɗaga kafet ka sa hannu a ƙarƙashi, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai zanen laka, ka leƙa ramin safayar taya, ka kuma shaƙi cikin motar bayan ta wuni a rufe a rana. Mota mai wayoyi da yawa irin wannan, idan ruwa ya taɓa shiga cikinta, ciwonta ba ya ƙarewa.

Na san abin da ya ja hankalinka, bayan kyawunta, shi ne farashin ya yi ƙasa da na Lexus RX350 ta shekara ɗaya da ita. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan dalilin arahar a fili yake: injin RX350 shi ne a Highlander da Sienna da Camry mai filogi shida, kowane gareji ya san shi, kuma duk ranar da ka so sayarwa akwai mai saye. Ita kuwa FX, ragin da aka yi maka yau shi za ka yi wa wani gobe, bayan ka daɗe kana jiran mai so.

Ra'ayina, tsakanina da Allah, shi ne a matsayin motar gida guda ɗaya tilo, wadda za ta kai yara makaranta, ta je asibiti da dare, ta shiga ƙauye da damina, ban goyi bayan ka saye ta ba, na fi son ka ƙara haƙuri ka nemi RX350 ko Highlander mai lafiya ko da ta girme ta. Amma idan za ka riƙe Corollar taka domin zirga-zirgar yau da kullum, wannan kuma ta zama ta tafiyar Jos da Abuja da Kano, to mota ce mai ƙarfi da daɗin tuƙi wadda ba zan hana ka ba, da sharaɗin awon ƙarfin baƙin mai ya fito daidai, Carfax ya wanke ta, takardun diyuti na gaske ne, kuma ka ware wani kaso na kuɗin ka ajiye domin taya da ƙafafu da sauya dukkan mayukanta kafin ta kama hanyar Arewa.

Ka turo mini lambar shasin da sakamakon awon kafin ka ba da ko sisi na kafin alƙalami, ni kuma zan nuna wa bakaniken da ya yi wa maƙwabcin nan namu aiki, mu ji ta bakinsa. Ka gaishe da uwargida da yara da kyau. Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri, ya kuma dawo mana da kai gida lafiya.

Wassalam,
Naka amini har kullum.