Ba da kunne ake saita tafet mai aiki da mai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafinku na motoci domin in taɓo wata shawara da ta zama ruwan dare a bakin masu haɗa injin gudu: wai idan saman inji yana ƙas-ƙas, a yi ta ɗaure notin roka (ƙarfen da ke danna bawul ya buɗe) har ƙarar ta ɗauke. Takan ɗauke ɗin kuwa, sai dai sau da yawa bawul, wato ƙofar shigar iska ko fitar hayaƙi a silinda, shi ke ɗanɗana kuɗarsa daga baya.

Tafet shi ne ɗan ƙarfen da ke zaune a kan kam, sandar nan mai tudu-tudu da ke juyawa a cikin inji: kam ya ɗaga shi, shi ya tura sandar turi, ita kuma ta ɗaga roka. Tafet ɗin da baƙin mai ke cikawa yana da ɗan ƙaramin fistan a cikinsa. Ƙarƙashin fistan akwai ɗakin mai, da 'yar ƙwallo mai hana man komawa, da sifirin da ke tura fistan sama har ya tokari wani zoben waya a baki. Abin da ake saitawa shi ne nisan da sandar turi za ta danna wannan fistan ƙasa daga zoben, a lokacin da bawul yake rufe. Ga yawancin tafet na yau da kullum, nisan yana tsakanin inci 0.020 da 0.060, wato rabin milimita zuwa ɗaya da rabi. Kunne ba ya auna wannan. Masu gajeren zango da ake yi don tsere kuwa dannin da suke so bai kai haka ba, don haka takardar kamfanin da ya ƙera su ita ce alƙali.

In dannin ya gaza, fistan zai riƙa dukan zoben, a ji ƙara, wata rana zoben ya fita tafet ya watse a cikin inji. In ya yi yawa, matsalar ba ta da ƙara, shi ya sa ta fi haɗari. Bawul ba zai zauna daram a mazauninsa ba, silo (ƙaramin gudun inji in mota na tsaye) ya riƙa rawa, matsin silinda ya ragu. Bawul ɗin hayaƙi kuma ta mazauninsa yake sauke mafi yawan zafinsa, in bai zauna ba sai bakinsa ya ƙone. A babban gudu abin ya fi muni: da zarar sifirin bawul ya kasa riƙe kayan na ƙiftawar ido, tafet zai ga sarari ya cika shi da mai, ya riƙe bawul a buɗe. Iyakar nisan da aka danna fistan, iyakar abin da zai iya tasowa ke nan. Daga nan ƙarfi ya zube, in an yi rashin sa'a fistan inji ya gaisa da bawul.

Ga yadda ake yi a injin da rokarsa ke kan sanda mai noti, kamar ƙananan V8 na Chevrolet na da. Inji a kashe, a cire filogi don ya juyu da hannu cikin sauƙi, a bi silinda ɗaya bayan ɗaya. Dole tafet ya kasance a kan gadon bayan kam, inda babu tudu. Juya inji ta hanyar da yake juyawa har bawul ɗin hayaƙi ya fara buɗewa, sai ka saita na shan iska. Ci gaba da juyawa har na shan iska ya buɗe gaba ɗaya ya dawo ya kusa rufewa, sai ka saita na hayaƙi. Ga kam mai dogon buɗi wannan ya fi dogaro da tsayar da fistan inji a ƙololuwa kawai.

Inda aka fi yin kuskure shi ne gano wurin da sarari ya ƙare. Da yawa suna murza sandar turi tsakanin yatsu suna jiran ta yi tauri. Sabon tafet da ba mai a cikinsa sifirinsa laushi gare shi, sandar za ta ci gaba da juyawa alhali an riga an nutsar da fistan. Maimakon murzawa, riƙe sandar ka riƙa ɗaga ta sama da ƙasa kana ɗaure noti a hankali. Daidai inda 'yar girgizar ta ɓace, nan ne sifili, daga nan ake fara ƙirga.

Lissafin ba wuya. Sandar da noti ke kanta, mai kaurin inci 3/8, tana da zare 24 a inci, zagaye ɗaya na noti inci 0.042 ke nan. Mai kaurin 7/16 zarenta 20, zagaye ɗaya inci 0.050. Amma roka kamar sikeli take: kan da ke bisa bawul a tsaye yake, don haka kan da ke bisa sandar turi ya fi notin sauka. A rokar da ke ninka ɗagawa sau 1.5, rabin zagaye a kan 3/8 yana nutsar da fistan wajen inci 0.035. Shi ya sa rabin zagaye ya zama wurin farawa mai kyau. A ɗaure sannu a hankali, domin in tafet cike yake da mai, gaggawa bawul za ta buɗe maimakon ta danna fistan. A ba shi minti ɗaya ya tsiyaye, sannan a kulle notin.

Injin da rokarsa ba ta da saiti, kamar jerin LS na General Motors, tsawon sandar turi ne ke yanke hukunci, ita rokar ana ɗaure ta ne kawai zuwa Nm 30 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. A nan sai an samo sandar gwaji mai miƙewa, a miƙa ta har sarari ya ƙare, a auna, a ƙara dannin da ake so, a sayi sanduna masu wannan tsawon. Duk wanda ya sa aka kankare top silinda (murfin saman inji) ko ya sa gasket mai sirara ya ƙara danni bai sani ba. Wanda ya sa kam mai ƙanƙancen gadon baya kuma ya rage shi. Mayar da tsofaffin sanduna bayan irin wannan aiki ba tare da awo ba caca ce. A kuma tuna alminiyon yana buɗewa da zafi wajen ninki biyu na baƙin ƙarfe, saboda haka top silinda na alminiyon yana ɗaga roka in ya yi zafi, danni ya ragu. Shi ya sa ake ɗan ƙara masa a sanyi.

Kuma ba kowace ƙas-ƙas ce ta saiti ba. Kam mai tudu a tsaye yana ƙara kamar keken ɗinki ko da komai daidai yake. Gasket ɗin bututun hayaƙi in ya yoye yana kwaikwayon tafet sak, sai dai nasa ya fi yawa a sanyi, kuma yakan bar baƙin toka a wurin. Mai da ya wuce ma'auni kiranshaf na kaɗa shi ya yi kumfa, iska kuwa tana matsuwa, sai tafet ya yi laushi. Ɗan datti a ƙarƙashin ƙwallon nan yakan sa tafet ɗaya tak ya riƙa zubar da mansa, wannan sai wanki ko canji. Ƙarar daƙiƙa biyu ko uku bayan tada inji da safe ba abin damuwa ba ce. Wadda ta ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, a fara duba ta da agogon matsin mai kafin a taɓa noti ko ɗaya.

Wassalam,
Wani mai karanta shafinku na motoci