Likita, ƙafar Baba ce ta hana mu barci

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri kan wannan fili naka, mu dai a gidanmu ba ya wuce mu duk sati. Daga Zariya nake rubuto maka, kuma maganar mahaifina ce. Shekararsa 63, tsohon direban babbar mota ne, yana fama da ciwon suga shekara 9 ke nan ga hawan jini, sigari kuwa tun yana yaron mota yake shan ta.

Abin ya faro wajen wata 8 da suka wuce. Masallacin unguwarmu bai fi tafiyar minti 5 daga gida ba, amma sai na lura kullum in mun fita tare sai Baba ya tsaya wajen mai shayi ya dafa benci yana ta jan gaisuwa, ni har haushi nake ji don muna rasa raka'a, ashe ba gaisuwar ce ta dame shi ba, dambubun ƙafarsa ta dama ne ke ɗaurewa kamar an matse da igiya, in ya tsaya minti biyu uku sai ya sake shi, ya ci gaba, in an ɗan taɓa tafiya ya dawo. Kuma kusan a waje ɗaya yake kama shi kullum. Da muka matsa masa sai ya ce sanyin ƙashi ne da tsufa, aka yi ta shafa man zafi a banza.

Ranar da hankalina ya tashi ita ce ranar da na zo yanke masa farce. Na kama ƙafar dama na ji ta sanyi ƙalau, ta hagu kuma da ɗuminta, gashin ƙwaurin duk ya zube fatar tana wani sheƙi, farcen ya yi kauri ko reza ba ta ci. Washegari na ja shi asibiti da ƙyar.

Likitan ya lalubi bugun jini a matsematsinsa ya samu, ya duba bayan gwiwa da saman ƙafa ya ce da ƙyar yake ji. Sai aka yi awon hawan jini a hannu da a idon sawu aka raba na sawun da na hannun, na dama ya ba da 0.6, ya ce mai lafiya daga 1 ne zuwa sama kaɗan, duk abin da ya gaza 0.9 alama ce jini ba ya sauka yadda ya kamata. Aka tura mu sikanin na jijiya wanda suke ce wa Dofla, shi ya nuna babbar jijiyar da ke kai jini ƙafa ta cikin cinya ta tsuke can sama da gwiwa kaɗan, wai kitse ne ya taru a bangonta ya daskare kamar yadda bututun famfo ke cushewa. Ya ce in Baba na zaune ɗan jinin da ke wucewa yana isar naman, amma da ya fara tafiya naman sai ya nemi ƙari bai samu ba, shi ne ciwon. Abin da ya fi tsorata ni ma cewa da ya yi irin wannan cushewar ba a cinya kaɗai take tsayawa ba, tana iya kasancewa a jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa.

Ya rubuta asfirin ƙarami mai 75 da atobastatin na rage kitse, ya gyara maganin suga, ya ce sigari kam ko kara ɗaya babu. Sannan ya ce Baba ya riƙa tafiya minti 30 aƙalla sau 3 a sati har wata 3, in ciwon ya kama ya huta ya ci gaba, wai hakan na taimaka wa ƙafar ta saba kuma ƙananan jijiyoyi su kewaye inda ya toshe. Ya hana gashi da ruwan zafi da ƙaho da tsaga, don mai suga ba ya jin zafi sosai a ƙafa kuma ciwo ba ya saurin warkewa. Da za mu fita ya ce abu biyu in muka gani kar mu jira ranar dawowa: ciwo a ƙafa yana kwance bai yi tafiya ba, ko gyambon da ya ƙi warkewa.

To Likita duka biyun nan yanzu sun bayyana. Sati 3 da suka wuce sabon takalmi ya ɗan goge masa ƙaramin yatsa, abu kamar ƙwayar gero, har yau bai kame ba, gefen ma ya fara duhu. Da daddare kuma Umma ta ce ba ya barci sai ya sauko da ƙafar daga gado tana reto, nan ne yake samun sauƙi, wani lokaci a kujera yake kwana. Tafiyar da aka ce ya yi sati biyu kawai ya yi ya bari. Sigarin ma wallahi na ga kwali a aljihun babbar rigarsa, na dai kasa yi masa magana, ka san tsakanin ɗa da uba.

Ya rantse ba zai koma asibiti ba. Wani abokinsa da suka yi tuƙi tare shi ma mai suga an yanke masa ƙafa bara, tun daga nan Baba ya sa a ransa duk wanda ya kai ƙafa asibiti da sanda zai dawo. Na ce masa likita fa ya yi maganar ana iya zura ɗan siririn bututu ta matsematsi a hura balan-balan a buɗe wajen, ko a sa ɗan ƙarfe mai raga ya tokare, in ya ƙi a ciro wata jijiya a ƙafar a yi wa jinin sabuwar hanya, ya ce duk daɗin baki ne. Gwaggo kuma ta zo ta ƙara dagula lissafi, wai taka wani abu ya yi, har ta yi magana da wanzami zai zo ran Asabar.

Dan Allah Likita, yatsan nan da ya fara duhu kwana nawa muke da shi, abin gaggawa ne na yau ko gobe? Da gyambon a jiki ya koma tafiyar ko ya dakata? Aikin balan-balan ɗin ana yi wa mai suga kamarsa, kuma wane sashe za mu nema a asibitin koyarwa don kar a yi ta yawo da mu? Sannan ina roƙon ka amsa a shirin wannan satin kafin Asabar, ka yi maganar wanzamin da ta yanke ƙafa ɓaro-ɓaro, don Baba yana jin maganarka fiye da tamu, rediyon ma a gefen filonsa take kwana.

Na gode, Allah ya ƙara basira.
Mai sauraronka daga Zariya