Walimar cika shekara 60 da munka yi ma Yayanmu ba bidi'a munka nufa ba

Assalamu alaikum Edita. Da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ya sanyi? Don Allah a ba ni fili in yi magana kan abun da ke damuna, wato yadda da an ji ance wani gida sun taru don ɗan uwansu ya cika shekara kaza sai a fara cewa sun ɗauko al'adar Turawa, tun ba a tambayi mi anka yi a wurin ba.

Mu dai a watan Janairun 2026 munka tara dangi a gidanmu na gado don Yayanmu babba ya cika shekara 60, kuma tun ranar da hotunan sunka shiga WhatsApp ban huta ba, wani ma har gida yaz zo yana mani nasiha wai bazday ba namu ba ne. To ni abun da nike so a duba, yaushe rabon da gidanmu ya cika haka? Wallahi sai ranar rasuwa. A zo a yi zaman makoki kwana uku kowa ido jajir, a yi addu'a a watse, wanda anka taru dominshi bai ji alherin da aka faɗa a kanshi ba ko kalma guda.

Yaya ba ya da takardar haihuwa ta asali, irin mutanen lokacinsu, amma Inna ba ta taɓa ɓata lissafi ba, kullum cewa take cikin azumin da anka kashe Sardauna ta haife shi, wato Janairun 1966, in ma da lissafin Hijira za a bi ya kusa 62. Shi wannan bawan Allah da Baba ya rasu barin makaranta yay yi ya kama rumfar fata da takalma a kasuwa, da ita yab biya muna kuɗin makaranta, ya aurar da ƙannenmu mata, ni kaina da kuɗin rumfar nan nig gama Jami'ar Danfodiyo. Gobarar babbar kasuwa ta 2021 ta cinye mashi kaya, bai faɗa ma kowa yawan asarar ba, ya sake tashi daga ƙasa yana dariya yana cewa Allah ne mai bayarwa. Mutum irin wanga ace sai ya mutu za mu ce mashi mun gode?

Ba kiɗa, ba rawa, ba kyandir ba cakuɗuwar maza da mata. Bayan sallar Asuba anka yi saukar Alƙur'ani, da hantsi mata sunka ɗora tukwane, tuwon shinkafa da miyar kuka, masa, ga fura da nono a ƙwarya an rufe da faifai. Maza na zaure bisa tabarmi mata na cikin gida. Ƴan Illela sun zo, na Birnin Kebbi da Argungu sun zo, har ɗiyan Goggo daga Ƙonni sun ƙetaro iyaka. Ƙanwarmu da ke aure wajen Sabon Birni ce ba ta samu zuwa ba saboda halin rashin tsaro da hanya take ciki, kowa ya san zancen, sai kiran bidiyo anka yi mata, tana ta kuka netwok na yankewa Yaya na riƙe da wayar da hannu biyu yana cewa "ki yi haƙuri auta, ina jin ki". Da anka fito da shi gaban Inna ya durƙusa, ta ɗora hannunta bisa furfurar kanshi tana sa mashi albarka, tsohuwar da ba ta gani sosai yanzu, wallahi har mazan da ke bakin ƙofa sai da sunka share hawaye. Kuma ranar ne ƴan uwanmu biyu da sunka daɗe ba su ga maciji kan maganar gona sunka ci tuwo kwano guda.

Na yarda akwai bazday ɗin da bai dace ba, wanda ake kama hol a kashe kuɗin da za su ciyar da unguwa, a yi ta liƙi ana ɗauka ana sawa a TikTok alhali maƙwabci bai ɗora tukunya ba, wannan ko ni ba ni goyon bayanshi. Amma a bambance mana. Alƙur'ani da kanshi a Suratul Ahƙaf aya ta 15 ya ambaci mutum in ya kai shekara 40 ya roƙi Allah ya ba shi ikon gode ma ni'imar da anka yi mashi da iyayenshi, kuma hadisi ya nuna shekarun al'ummar nan tsakanin 60 ne da 70, kaɗan ka wucewa. Wanda ya taka 60 da ƙafarshi da hankalinshi ai ya cancanci a taya shi godiya, a kuma tuna mashi da mu kanmu cewa tafiya ta yi nisa.

Don haka Edita ina roƙon ka buɗe ma malamanmu na Sakkwato shafi su yi muna bayani dalla-dalla, ina iyakar walimar godiya da sada zumunci, ina kuma inda ake faɗawa kwaikwayo, don a daina yi ma mutane kuɗin goro. Mu dai mun riga mun fara zuba adashe don ta Yaya mace da za ta cika 60 nan da shekara biyu in Allah ya kai mu.

Naka,
Mai karatu daga Mabera, Sakkwato.