A gwada mana tsuntsayen mu, hankakan Amurka ba irin namu bane

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a. Don Allah a ban dan fili inyi magana akan wani bincike da in mutanen mu sun ji sai su kwashe da dariya, wai masana na kama tsuntsayen daji su kulle a keji cikin dakin gwaji su sa musu cuta da gangan sannan su zauna suna dibar jinin su kullum, sai kaji ance Turawa sun rasa abin yi.

Cutar ita ce West Nile, bairos ce da aka fara ganowa a 1937 a jinin wata mata mai zazzabi a yankin West Nile na Uganda. Sauron da ke yada ta ba na maleriya bane, wanda ake kira Culex ne, na kwata da ruwan datti, mai hana mu barci da kuka a kunne. Harkar tsakanin sauro da tsuntsu take, mutum da doki tsautsayi ne kawai ke fada musu, kuma daga kan su bata kara gaba saboda bata taruwa a jinin su yadda wani sauron zai kwasa.

To taya za a san wane tsuntsu ne ke renon ta, ai sai a keji. Tun shekarun 1950 masu bincike a Masar suka gwada hankaka da gwara suka ga suna dauka sosai. Amma abin bai tada hankalin duniya ba sai 1999 da hankaki suka dinga fadowa matattu a New York, a daidai lokacin da ciwon kwakwalwa ke kwantar da tsofaffi a asibiti, hukuma tace wata cuta ce daban, wata likitar dabbobi ta gidan zu na Bronx, Tracey McNamara, ita ta nace cewa a duba tsuntsayen nan ciwon su da na mutanen abu daya ne, kuma maganar ta ce ta fito. Mutum 7 suka rasu a waccan shekarar. Bayan nan hukumar CDC mai yaki da cututtuka a Amurka ta gwada tsuntsaye iri 25, aka fitar da sakamako a 2003, sauro mai cutar aka bari ya cije su. Hankakin jinsin da ake kira American crow duk suka mutu cikin 'yan kwanaki jinin su cike da bairos, gwara ma tana tarawa da yawa, tantabara kuwa kadan ce kwarai (masu kiwon ta sai su kwantar da hankali). Abin da yafi bani mamaki, wani hankakan da sauro bai taba shi ba ya kamu don kawai keji daya suke da mara lafiya. Shi yasa bana son ganin yara na wasa da mushen tsuntsu da hannu.

Wasu gwaje-gwajen suka nuna babbar kaza tana kamuwa amma bata ciwo bata yadawa, jinin ta dai yana nuna alamar cutar ta ratsa, da wannan ne a California da Florida suke ajiye garken kaji a wurare suna dibar jinin su lokaci lokaci, in alama ta fito sun san sauron unguwar ya dauko tun kafin mutum ya kwanta.

Inda nake so inje kenan. Mafi yawan gwajin da ake kafa hujja dashi akan tsuntsayen Amurka da Turai akayi, alhali hankakan mu mai farin kirji jinsi ne daban, ga jan baki da ke zuwa gonakin gero da shinkafa kamar hadari, ga balbela da ke kwana a bishiyoyin cikin gari, ga dausayin Hadeja zuwa Nguru da tsuntsayen Turai ke sauka duk hunturu. Kuma cutar ba bakuwa bace, bincike a Najeriya ya samu alamar ta a jinin mutane da na dawaki. Kusan 8 cikin 10 da suka kamu basa jin komai, wajen 1 cikin 150 ne take taba wa kwakwalwa, sai dai mu a nan duk zazzabin da yaki jin magani sunan sa taifod, in ya taba kai kuma a ce sankarau ko iska, waye zai ce a gwada West Nile.

Muna da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jos, ga tsangayar likitan dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, masu kai akwai su. Rokona gwamnati ta basu kudin keji mai tsaro da kayan gwaji, don wannan aiki ba a yin sa a dakin da sauro zai shiga ya fita. Kafin nan a fara da na kajin tunda baya cin kudi sosai, jihohin Jigawa da Yobe su ne ya kamata su fara. Masu dawakin hawan sallah da na folo kuma su sani dawaki suna da allurar rigakafi, mutane ne har yanzu babu, dokin da ya fara tangadi ko rawar jiki da damina a kira likitan dabbobi ya debi jini.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Hadeja, jihar Jigawa