Hannu da Ƙafa a Sunan Kokawar Sinawa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambaye ni ma'anar haruffan nan biyu da ka gani a ƙofar gidan horon 'yan kokawa, wato 摔跤. Ana rubuta su shuai jiao da boko, a furta kamar "shuwai jiyau".

Kowane harafi ka raba shi gida biyu: ɓangaren hagu ma'ana yake nunawa, na dama kuma furuci. Na farkon, 摔, jan alƙalami 14 ne. Ukun da ke hagu, 扌, hannu ne da aka tsuke. Sauran, 率, aikinsa kawai ya ce maka "shuai". Ma'anar duka ita ce kayarwa, ko maka abu da ƙasa. Na biyun, 跤, ja 13 ne, da ƙafa 足 a hagu da 交 a dama. Shi wannan 交 ban da sauti har ma'anarsa ta dace, domin gittawa yake nufi, ga shi kuwa ƙafa ta gitta ƙafa, taɗiya ke nan. Hannu ya fizgi guntuwar rigar nan mai kauri da suke kira dalian, ƙafa ta share, mutum ya sha ƙasa.

Sai dai ka kula, a maganar yau da kullum tsohuwar da santsi ya kwashe ma shuai jiao ta yi. Kuma duka gaɓoɓin da karin sauti na sama ake faɗinsu, a miƙe. In ka lanƙwasa na biyun ƙasa, ya koma 脚, ƙafa zalla. Bahaushe ba zai sha wuya a nan ba, tunda shi ma da karin sauti yake rarrabe kalmomi.

Za ka kuma ga 摔角, musamman a Taiwan. 角 ƙaho ne, ragowar tsohon suna 角抵, jiao di, tunkuyi da ƙaho, wanda tatsuniya ke dangantawa da Chiyou, wani mayaƙi mai ƙaho a labaran Sinawa na dā. A zamanin daular Song ta ƙasar Sin kuwa xiangpu ake cewa, 相撲, kuma haruffan nan ne Japanawa ke karantawa sumo, sunan kokawarsu ta gargajiya. Kada kamar rubutun ta ruɗe ka: ɗan sumo da ɗamara kawai yake shiga fage, ba rigar kamawa.

Ka gaishe mini da mutanen gida.

Naka,
Abokinka